Baba Hayatu, Jagoran Gaɓar Bakolori

Duk wanda ya saba bi ta tashar Talata Mafara da sassafe a watannin rani ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Dattijo ne dogo, siriri, mai ɗan ɗingishi a ƙafar hagu, da malafar da ta sha rana har ta koma launin ƙasa. Idan aka sallame sallar asuba ba ya komawa gida. Yakan biya wurin mai shayi ya sha rabin kofi a tsaye, sannan ya shiga bin direbobi ɗaya bayan ɗaya yana gaisawa da su doguwar gaisuwa irin tamu, ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya hanya. A cikin gaisuwar nan yake jin abin da ya fito nema: wace gada ce ta zube, ina ruwa ya ja, a wane ƙauye aka yi rasuwa, wace hanya ce yau ba ta biyuwa. Daga nan sai ya nufi motar da za ta ɗauki baƙinsa, ya zagaya ta, ya daddaki tayoyi da ƙafa, ya leƙa ya ga ko an sa jarkokin ruwa da tabarmi da buhun rigunan ruwa. Sai ya gamsu sannan yake barin kowa ya hau.

Sunansa Hayatu Ɗantala, mu kuwa Baba Hayatu muke ce masa. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana ɗaukar mutane zagayen kwana uku a wannan yanki namu. Ranar farko yakan fara da cikin gari, ya nuna ragowar ganuwa da ramukan marina da aka daina aiki da su, sannan a bi bakin kanal ta tsakiyar gonakin shinkafa da albasa har a hau kan dam ɗin Bakolori kafin rana ta take. Rana ta biyu ta ruwa ce. A shiga jiragen masunta a bi gaɓar tafki, a sauka a kufayi, a ci kifi a tungar masunta, a ɓulla ta wajen Maradun da Dosara. Ta uku a gangaro Bakura, a zaga tsohon gari, a ƙare a bakin tafkin Natu. Ɗalibai ya kai, ma'aikata masu hutu ya kai, 'yan kasuwa da iyalansu daga Gusau da Sakkwato ya kai. Ba shi da ofis, ba shi da allon talla. Wanda ya kai ne ke gaya wa wani.

A bana ya ce ya ajiye. Gwiwa ta ƙi, ga yanar ido ta fara rufe masa gani. Ni malamin makaranta ne, sunana Jabir, kuma ina cikin waɗanda bai kamata su yi shiru ba, domin sau biyu mutumin nan ya yi mini abin da har yau ban san da wane baki zan gode masa ba.

Asalinsa ɗan fawa ne. Gidansu kaf mahauta ne, tun kakanni. Da ya tasa, mahaifinsa ya lura ba ya son zaman rumfa, wuƙa ma ba ta zauna masa a hannu ba, sai ya sa shi cikin masu zuwa ƙauyuka sayo shanu su koro su kara, wato kasuwar shanu. Da ƙafa ya koyi ƙasar nan. Ya kwana a rugage, ya sha ruwan rijiyoyin da yanzu suke ƙarƙashin tafki, ya zauna da tsofaffin da suka ga zamanin da ake rufe ƙofar gari da magariba. Shi mutum ne mai tambaya, kuma abin da ya ji ba ya zubewa. Da aka datse gulbi ruwa ya hau, shi ya san abin da ke ƙarƙashin kowane lungu na ruwan.

Yadda ya shiga wannan aiki ma abin dariya ne. Wata rana yana sayar da balangu kusa da dam, sai ga wani malami ya kawo ɗalibai daga Sakkwato. Malamin ya tsaya yana nuna wani tsibiri yana gaya musu cewa tun fil azal haka yake. Hayatu ya yi haƙuri, ya yi haƙuri, ya kasa. Ya goge hannu ya matso ya yi sallama, ya ce a gafarce shi, wancan tudun makabartar wani gari ne, ya taɓa ɗaure shanu a gindin tsamiyar da ake hangowa. Malamin, Allah ya saka masa, bai ji haushi ba. Ya ce to ya ci gaba. Ranar dai naman a hannun maƙwabci ya ƙare, shi kuwa sai bayan kwana biyu ya koma gida. Da shekara ta zagayo malamin ya aiko a neme shi, ya kuma gaya wa wasu.

Ba zan ce ba shi da halinsa ba. Yana da taurin kai, kuma idan ya kama labari ba ya duba ko tuwo ya huce. Ba ya yarda a shiga gari ba a fara zuwa an gai da mai gari ba, ko da kuwa baƙin suna sauri. Wanda ya yar da leda a bakin ruwa sai ya koma ya ɗauka, ko babban mutum ne. Na ga ranar da ya sa wani mai babbar riga ya goge hoton da ya ɗauki mata suna wanki bai tambaye su ba. Mutumin ya yi ta faɗa, Baba ya tsaya yana kallonsa da murmushi har ya gaji ya goge. Amma saboda irin wannan hali ne kowace tunga ke shimfiɗa masa tabarma, kowane gida ke buɗe wa baƙinsa zaure.

Farkon haɗuwata da shi ta dalilin mahaifiyata ce, Inna Tabawa, Allah ya ji ƙanta. An haife ta a wani ɗan ƙauye da ake kira Gidan Nagode, can aka yi mata aure, can ta binne 'yarta ta fari. Da ruwa zai zo aka tashe su. Shekara talatin da biyar ba ta sake taka wajen ba. Idan mota ta bi da mu ta kusa da dam, takan juya fuska ɗaya gefen har a wuce. Sai bayan rasuwar mahaifinmu, wata rana tana tsince wake, ta ce mini ba tare da ta ɗago ba, tana so ta ga gida kafin ta mutu. Na yi ta tambaya, kowa ya ce wurin yana cikin ruwa. Wani abokin aikina ne ya ce in nemi Hayatu mai zagaye.

Da na same shi bai yi mini alkawarin komai ba. Ya ce zai zo ya gai da tsohuwa tukuna. Ya zo ya zauna a bakin ƙofa, suka gaisa, sannan ya shiga tambayarta: wa ke mai unguwa a lokacin, rijiya tana gabas da masallaci ko yamma, gidan wa ke kusa da kuka. Tana ba shi amsa a daƙile, har ya ambaci sunan wani makaho mai saƙar igiya da ke zama a bakin hanyar garin. Inna ta ajiye faifai ta dube shi sosai. Ta ce lalle ya san garin. Ya ce mu jira ƙarshen rani, lokacin da ruwa ke ja iyakar jansa, in Allah ya so za a ga wani abu, in kuma bai so ba za mu dai tsaya a kai mu yi addu'a.

Wata uku muka jira. Da lokaci ya yi ya haɗa mu da wasu baƙi daga Gusau. A rana ta biyu ya bar su a tunga suna cin kifi, ya sa mu a ƙaramin jirgi, ni da Inna da shi da mai tuƙi. Muka sauka a wani fili na busasshen laka, duk ya tsattsage, babu komai sai kututturai baƙaƙe. Inna ta duba gabas ta duba yamma, ta ce ba nan ba ne, mu koma. Baba bai yi musu da ita ba. Ya yi gaba yana ɗingishi yana caccakar ƙasa da sanda, ya tsaya a wani wuri ya durƙusa ya shiga kankare laka da hannu. Sai ga duwatsu a jere sun yi da'ira.

Ya ce, "Hajiya, ga rijiyarku."

Inna ta je ta tsaya a bakin da'irar, ta fuskanci kudu, ta fara tafiya kamar wadda ke ɗauke da tulu. Ta karkata inda da akwai lungu, ta kauce wa katangar da ba ta nan, ta tsaya. A gabanta akwai dutsen niƙa, rabinsa a binne, gefensa ɗaya a ɓalle. Ta ce na surukarta ne, ita ce ma ta ɓalle shi tana amarya, ta sha faɗa a kai. Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Daga nan ta yi gabas kaɗan, ta tsaya a wani wuri da ni ban ga alamar komai ba, ta zauna a ƙasa ta ɗaga hannu tana yi wa 'yarta ta fari addu'a. Na waiga in nemi Baba, sai na hango shi can nesa wajen jirgi, ya juya mana baya yana ta hira da mai tuƙi. Haka ya tsaya cikin rana fiye da awa ɗaya bai waiwayo ba.

Da za mu tafi Inna ta ce in tono mata dutsen. Na fara tono, Baba ya matso ya durƙusa kusa da ita. Ya ce mata ba zai hana ta ba, kayan gidansu ne. Amma akwai wasu 'yan Gidan Nagode da ba su zo ba tukuna, kuma ban da rijiya da dutsen nan babu sauran abin da zai nuna musu a nan aka haife su. Sai Inna ta ce in mayar da ƙasar. A hanyar dawowa ta zauna a jirgi tana kallon ruwa ido buɗe, tana nuna mini inda gonar wane take da inda ake cin kasuwa. Shekara biyu ta ƙara a duniya, kuma a cikinsu babu baƙon da zai zo gidanmu bai ji labarin dutsen niƙa ba.

Baba Hayatu, kai ne ka mayar wa tsohuwar nan garinta. Ban taɓa gaya maka ba, amma a ciwonta na ƙarshe ta sa sunanka cikin waɗanda take yi wa addu'a, tare da 'ya'yan cikinta.

Abu na biyu ya fi nauyi a bakina, domin ni ne mai laifi a ciki.

A lokacin hanyoyinmu sun fara lalacewa. Ana jin labarin 'yan bindiga, amma a can nesa, ba mu ɗauka abin ya iso mu ba. Na nemi izinin makaranta da na iyaye na ɗauki ɗalibaina 'yan ajin ƙarshe, su ashirin da biyu, maza da mata, zagayen Baba. Abin da na fi kwaɗaita musu shi ne wani dutse da ke gaba da Dosara, inda akwai ramukan da mutanen zamanin da suke narka tama su fitar da ƙarfe. Na yi musu darasi a kai, na yi wa shugaban makaranta alkawarin hotuna. Ranar farko ta wuce lafiya, muka kwana a wata tungar masunta da mota ke iya shiga, da niyyar da safe mu ɗauki hanyar dutsen.

Da gari ya waye yara suka karya, suka hau mota. Direbanmu Ɗanasabe ya tayar da inji. Baba ne kawai ba a gani ba. Na same shi a bakin mashaya, inda shanu ke saukowa shan ruwa, yana tsaye yana kallon hanya. Na ce masa rana tana yi. Ya ce in ƙara masa ɗan lokaci. Can sai ya juyo ya ce yau ba za a je dutse ba.

Na tambaye shi dalili. Ya ce masu tallan nono da ke fitowa ta wannan hanya kullum da hantsi yau ko ɗaya ba ta zo ba. Shanun abokinsa Ardo Jatau, wani dattijon makiyayi da suka san juna tun zamanin koren shanu, ba su sauko mashaya ba, alhali shekara da shekaru ba su fashi. Ya kira wayar Ardo a kashe. Na ce wannan ai ba hujja ba ce, waya takan mutu, shanu sukan sauya mashaya. Ya ce haka ne, amma ba za a je ba.

Raina ya ɓaci. Na tuna alkawarin da na yi, na ga yara suna leƙowa ta taga. Na ɗaga murya a gabansu, na ce masa an ɗauko shi ne ya kai mu, ba ya yi mana duba ba, in tsufa ya sa shi tsoro ya zauna, mu mun san hanya. Na ce wa Ɗanasabe ya ja mota. Har yau idan na tuna kalmomin nan sai in ji kunya ta rufe ni.

Baba ya taka a hankali ya je gaban motar, ya cire malafarsa, ya zauna a ƙasa daidai tsakanin tayoyi. Ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Malam Jabir, zagin da ka yi min na yahe tun bai huce ba. Amma ɗiyan mutane ba su bin hanyar ga yau, sai dai a bi ta kaina."

Ɗanasabe ya kashe mota, ya ce shi dai ba zai taka Baba ba. Masunta suka taru. Babbansu ya ja ni gefe ya ce mini a hankali, tun da suke da Hayatu bai taɓa soke tafiya ba, in yau ya soke to in saurara. Na haƙura ba don na yarda ba, sai don ba yadda zan yi. Na ce to mu koma gida. Nan ma Baba ya ce ba ta mota ba, domin hanyar komawa sai ta ratsa mararrabar da ke haɗuwa da waccan. Ta ruwa za a koma, mota ta kwana a tunga.

Jirage huɗu aka haɗa. Ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya ya ɗaura musu rigunan ruwa da hannunsa. Da rigunan suka gaza mutum ɗaya, ya tuɓe tasa ya ba Ɗanasabe, wanda bai iya iyo ba. Yara suna ta gunaguni, ni ko kallonsa ba na yi. Abin da ya ba ni mamaki daga baya shi ne, awa huɗu muka yi a kan ruwa bai bari yaro ɗaya ya gane akwai abin tsoro ba. Ya sa jiragen suka bi nesa da gaɓar da yake shakka, ya ce wai ta nan aka fi ganin tsuntsaye. Ya raba su gasa, kowane jirgi ya ƙirga irin tsuntsun da ya gani, yana gaya musu sunayensu, wannan zalɓe, wancan balbela, ga dinya can ta tashi. Ya ba su labarin garuruwan da muke wucewa ta samansu. Da iska ta ɗan taso wata yarinya mai suna Nusaiba ta fara kuka, sai ya sa aka matso da jirginsa kusa da nasu, ya riƙe gefensa da hannu, ya ce ta gaya masa yadda ake dafa kifi a gidansu, ya yi ta musu da ita a kan daddawa har ta manta da kukan. Ni da ke zaune bayansa na ga yadda idonsa ke komawa gaɓa kowane ɗan lokaci, na kuma ga leɓensa yana motsi tsakanin labari da labari.

Da la'asar muka iso gefen dam. Muna sauka muka tarar da mutane cirko-cirko. Da hantsin ranar 'yan bindiga sun tare hanyar dutsen, kusa da mararraba. Sun tsayar da wata motar 'yan kasuwa sun tafi da mutum tara. Rugar Ardo Jatau kuwa tun kafin gari ya waye suka watse suka shiga daji da shanunsu, shi ya sa ba a gan su a mashaya ba.

Na zauna a kan dutse. Na shiga ƙirga yaran nan da ido, ina kaiwa ashirin da biyu ina sake farawa. Na tuna fuskar kowace uwa da ta kawo mini ɗanta bakin mota ta ce Malam ga amana. Da na miƙe, na je na durƙusa gaban Baba a gaban ɗalibaina, kamar yadda na ci mutuncinsa a gabansu. Na kasa cewa komai sai a yafe mini. Ya kama hannuna ya tashe ni, ya ce malami ba ya durƙuso gaban almajiransa, in je in nemo wa yara abinci, tun safe ba su ci ba. Sai a lokacin na lura hawaye yake yi. Ashe direban motar da aka tare ya san shi, sun yi magana ta waya da safen nan, ya roƙe shi ya dakata, direban ya ce kayan gwari ya ɗauko, ba su jira. Baba ya yi ta maimaitawa, da ya sani da ya ƙara matsa masa. Bai taɓa cewa ai ya gaya mini ba, ko ranar, ko bayanta.

Baba Hayatu, kai ne ka zauna a ƙasa gaban mota don 'ya'yan da ba naka ba. Yau cikinsu akwai malamai, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai masu shago a kasuwa, akwai waɗanda suka yi aure suka haifa. Da yawansu sai da suka girma suka san abin da ya faru a ranar. Su dai abin da suka riƙe shi ne sun yi yini guda a kan ruwa suna ƙirga tsuntsaye.

Bayan wannan zagaye ya tsaya cak. Baƙi suka ɗauke ƙafa, waɗanda suka nemi zuwa ma shi da kansa ya hana su. Dattijo mai shekara sittin da wani abu ya koma rumfar 'yan'uwansa yana yanka nama, aikin da bai taɓa so ba. Na sha wucewa in gan shi yana kore ƙuda da mafici, in tsaya mu gaisa, ba ya kuka da komai. An sako direban da aka tare bayan wata biyu, Baba ne na farkon zuwa yi masa barka. Ardo Jatau ya ƙaura da iyalinsa wata jiha, har yau suna gaisawa ta waya. Duk da haka bai bar abin ya mutu ba. Ranar da ba kasuwa yakan tara 'yan makarantun cikin gari ya zaga da su ganuwa da marina da ƙafa. Idan hanya ta yi sauƙi ya kai mutane dam su dawo a yini ɗaya, idan ta ƙara sauƙi ya haɗa da Bakura. Wani lokaci a shirya komai, da safe ya ce an fasa. Yanzu babu mai tambayarsa dalili.

Zagayensa na ƙarshe a watan Maris ɗin nan aka yi, kwana biyu kawai, ta wuraren da ya amince da su. Na bar aiki na bi. Ɗan ƙanensa Abdulmumini, magidanci ne da ya daɗe yana aikin noman rani a bakin kanal, shi zai ci gaba da ɗaukar baƙi, kuma shi ya yi yawancin bayani. Baba yana gefe da sandarsa, sai an tambaye shi yake magana. Muka ƙare a bakin tafkin Natu da yamma, ana shan fura. Wata baƙuwa daga Gusau ta tambaye shi me zai riƙa yi yanzu da ya huta. Ya yi dariya ya ce zai zauna ne ya ga ko wani zai zo ya ɗauke shi yawo, domin shekara talatin yana kai mutane, bai taɓa zama a kujerar baƙo an nuna masa abu ba. Aka tambaye shi ina yake so a kai shi. Kamar mai jin nauyi, ya ce shi fa duk rayuwarsa a bakin ruwa ya yi ta, amma bai taɓa ganin teku ba.

Ya juyo wajena ya ce, "Malam, wai da gaske ne in ka tsaya bakinta ba ka hangen gaɓar can?"

Na ce haka na karanta, haka nake koyarwa, amma ni ma ban taɓa zuwa ba. Ya girgiza kai ya ce to ashe mu biyu ne, ya kamata mu tahi mu gani da idonmu.

Na kai maganar wa tsofaffin ɗalibaina, ban ƙarasa ba suka karɓe ta daga hannuna. Sun riga sun kai shi asibiti an duba idon, likita ya ce yanar ido ce, ana cirewa, an kuma sa rana. Idan ya warke, da yardar Allah, za mu ɗauke shi zuwa Ikko, wato Legas, mu wuce da shi har Badagiri. Mutum goma sha ɗaya cikin ashirin da biyun nan sun ce da su za a je.

Baba Hayatu ɗan Ɗantala, na gaban jirgi, mai sanin abin da ruwa ya rufe, mun gode. Na gode a madadin Inna da ba ta nan. Na gode a madadin iyaye ashirin da biyu da suka karɓi 'ya'yansu lafiya ba su san abin da ya kusa faruwa ba. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa da ta ido, ya sa aikin nan ya zama sanadin tsirarka, ya dawo mana da zaman lafiya a hanyoyinmu har a sake yin zagayen kwana uku cikakke kana raye.

Ku kuma masu karatu, musamman matasanmu na Mafara da Bakura da Maradun, kowane gari a cikinmu yana da tsoho ko tsohuwa da suka san inda aka fito. Ku je ku zauna da su tun suna iya magana, ku tambaya, ku rubuta, ku taka da ƙafarku ku ga wuraren. Wanda aka ba amanar mutane, direba ne ko malami ko mai jirgi, ya koyi tsayawa a kan abin da ya gani ko da za a zage shi. Wanda kuma Baba ya taɓa kaiwa wani wuri, ko shekara ashirin da suka wuce ne, ya daure ya je gida ya gaishe shi, ya gaya masa abin da ya tuna. Yana nan Mafara, unguwar mahauta, gida na uku bayan masallaci. Ku yi sallama da ƙarfi, ku faɗi sunanku da shekarar da kuka zo, domin a yanzu da murya yake gane mutane.